Waiwaye: Hular Doya da Kututturen Maraɗi

Manomin doya a ƙasar Paiko ba ya jiran damina kafin ya fara shekararsa. Ruwa na ɗaukewa, ƙasa da sauran danshinta, za ka ga magidanta sun duƙa da manyan garemani suna tara tsibi, jere bayan jere, har gona ta cika. A binne irin doya a saman kowane tsibi, a kawo busasshiyar ciyawa a rufe, a danne da dunƙulen ƙasa don kada iskar hunturu ta kwashe. Mu yara hula muke ce mata. Aikinta ta tare zafin bazara, kada iri ya dafe a ƙasa kafin ruwan farko ya sauka. Wanda ya yi ƙyuyar sa wa doyarsa hula, sai a watan huɗu yake gane kurensa, sa'ad da gonar maƙwabci ta cika da tsiro, tasa kuwa giɓi nan giɓi can.

Tsibin kuma doya ba ta cin sa ita kaɗai. A gindinsa agushi ke yaɗo, ya rufe ƙasa ruf har ciyawa ta rasa inda za ta leƙo. Ga kuɓewa a gefe, ga barkono, ga 'yan tsirarun masara da za a gasa wa yara a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabuwar doya kuma ba ta isa haƙa ba. Inda aka yi dawa bara, ba a ƙone karan. A karya shi a bari, doya ta kama ta hau. Maƙwabtanmu Gbagyi, masu ƙasar, su ne malaman wannan aiki. Bahaushen da fatauci ko karatun allo ya kawo, da Banufe, da Bafulatanin da ya gaji da yawo ya kafa gida, duk a wurinsu aka ga yadda ake yi. Doyar da ke cika kasuwar Paiko, wadda ake jerawa ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, manyan motoci su kwasa su yi arewa da kudu, a irin waɗannan gonaki ta yi suna.

Gona tana da zagayenta. Sabon wuri doya ke fara ci. Bayanta dawa ko masara, da wake a tsakanin layuka, sannan gyaɗa ko gujiya. In ƙasa ta fara nuna gajiya, tofa ta leƙo, ko wuta-wuta ta fito da furenta a gindin dawa, sai a bar ta saura a matsa gaba. Shekaru su shuɗe. Ranar da dattijo ya ga gamba ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum, ya tona ƙasa ya ga ta yi baƙi, ga kashin tana ko'ina, ya san ta huta. A wajen sassabe kuma akwai itatuwan da gatari ke jin kunyarsu. Ɗorawa da kaɗanya na mata ne ko da gonar ta maigida ce: daga nan kalwar daddawa ke fitowa, da man kaɗe na miya da na shafawa, da kuɗin da uwa ke ƙullewa a bakin zane don kayan ɗakin 'yarta.

Da kaka, in an ɗauke amfani, sai shanu su shigo, kuma ba da faɗa ba. Mai gona ne ke takawa har ruga ya roƙi ardo a kafa masa shanu a gonarsa, su ci kara da ragowar harawa, su kwana, a riƙa matsar da turaku daga wannan kusurwa zuwa waccan har kashi ya game ko'ina. Ladan Bafulatani damin dawa ne, da kanwa, da mutunci. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da hatsi. Ba a rasa saɓani ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma kowa ya san abin da zai rasa in ɗan'uwansa ya tashi.

Yau in ka leƙa taron ƙwararru a Abuja za ka ji ana ta maganar noma mai jituwa da muhalli: a haɗa shuka iri-iri a gona ɗaya, kada a bar ƙasa tsirara, a raya itatuwa a cikin amfani, a mayar wa gona kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, a rage dogaro da abin da sai an sayo. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, har ginshiƙai 10 ta tsara masa a 2018. Da za a karanta wa kakanninmu jerin, da sun gyaɗa kai sun tambayi ina sabon. Masana ma sun daɗe da shaida musu. Tun ƙarshen shekarun 1960 David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi manoman ƙauyukan Zariya yana auna abin da suke shukawa da abin da suke girba, ya tarar cewa gonar da aka cakuɗa gero da dawa da wake da gyaɗa ta fi gonar iri ɗaya kawo amfani a fili ɗaya, ta kuma fi ta tsira a shekarar da ruwa ya yi gardama. An buga binciken, an yaba, sannan aka ci gaba da koya wa manomi akasinsa.

Mun ga zuwan buhun taki da idonmu. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, bayanta ta Shehu Shagari ta zo da nata juyin noman a 1980. Shirye-shiryen raya noma na Bankin Duniya, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe, suka iso Bida. Malaman gona suka bazu kan babura, suka yanki 'yan filaye a bakin titi inda kowa zai gani, suka shuka masara zalla a layi miƙaƙƙe, suka zuba mata takin zamani da gwamnati ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa. Da farko dattawa suka yi ɗari-ɗari. Da suka ga masarar ta yi kore shar, ta goyi biyu-biyu, sai gardama ta ƙare.

Kada mu ci amanar gaskiya: buhun nan ya ciyar da mu. Jama'a sun ƙaru, a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Paikoro kaɗai ta haura mutum 150,000, kuma gonar da uba ɗaya ya noma yau jikoki goma ke rabonta. Wa ke da filin da zai bari saura shekara da shekaru? Yara sun tafi makaranta, samari sun hau acaɓa ko sun gangara ramin zinariya, gayya ta zama labari, ɗan ƙodago kuma sai mai ƙarfi. Saboda haka da maganin ciyawa ya zo, hannu biyu aka karɓe shi, mutum ɗaya da tankin feshi a baya ya yi a yini aikin da dā sai an tara unguwa. Sai dai feshi bai san agushi ba, bai san kuɓewa ba, bai san lalo da rama da ke fitowa da kansu mata su tsinka ba, balle ɗan tsiron kaɗanya da bai kai taƙi ba. Wanda zai yi feshi dole ya shuka iri ɗaya. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar korar sauran shuke-shuke daga tsibin doya. A hankali suka ɓace, har muka manta da can wurinsu ne.

Ƙasarmu ta wannan yanki ba ta da ƙarfin riƙe abinci da kanta. Ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabba su ne ke riƙe mata ruwa da taki har shuka ta sha. In suka ƙare sai ta zama rariya: ka zuba taki da yamma, ruwan dare ya tafi da shi. Yuriya kuma, in aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai ba tare da takin gargajiya ba, tana sa ƙasa tsami. Shi ya sa manomi ke cewa gonarsa ta saba da taki, inda dā buhu ɗaya ke isa yanzu sai biyu, amfanin kuma bai kai na dā ba. Wuta-wuta ita ma ƙasar da ta gaji take so. Gindi ɗaya kan zubar da dubban ƙwayoyin iri, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa ko masara.

Duk wannan lokaci hankalin hukuma na kan buhu. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, nan kusa da mu, suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. A 2012 aka fara rabon buhu biyu a rabin kuɗi ta wayar salula. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, buhu ya sauko naira 5,500, muka yi murna. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, buhun ya haura 20,000. Aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira ta faɗi, ya ƙara yin sama. Manomin Tungan Malam bai san inda Yukiren take ba, amma a gonarsa ya ji yaƙin. Sai a taron Nairobi na 2024 shugabannin suka sa lafiyar ƙasar noma a jere ɗaya da taki a sunan taronsu.

Wani zai ce ai Paiko ba ƙasar fari ba ce. Haka ne. Minna na samun ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, Maraɗi ta Nijar ba ta samun rabin namu. Amma mu da ke nan mun ga yadda damina ta sauya hali: ta yi sallama da wuri, a yi shuka, ta ɗauke ƙafa mako biyu ko uku, sannan ta dawo ta zubo na wata guda a dare ɗaya. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, a jiharmu aka yi ta. Kuma duk mai bin hanyar Minna zuwa Suleja yana ganin buhunan gawayi a jibge a bakin titi. Itacen kirya ya yi wuya, yanzu har kaɗanya ake ƙonawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa 'yan'uwanmu na arewa har sun kashe tasu wutar, sun bar mana yadda aka yi.

A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta yi tas. An koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne wanda ba ko kara a tsaye a gonarsa. Dokar daji da aka gada daga Faransa kuma ta mai da itace na gwamnati, jami'in gandun daji na iya cin tarar mutum kan reshen da ya sara a gonar ubansa. To me zai sa ka rayar da abin da zai ja maka tara? Tun yana tsiro ake kawar da shi. Iska ta sami fili, ta riƙa binne gero da yashi, sai an maimaita shuka. Wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan sabara da kalgon da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an yi dashe ba, ba sai ban ruwa ba. Ka zaɓi rassa mafiya ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka tsare su daga wuta da awaki. Mutanen can suka sa masa suna sassaben zamani.

Bai karɓu nan take ba. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka fara samun itacen girki a ƙofar gida, da ganyen dabbobi da rani, da geron da iska ba ta binne ba, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A ƙasar Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka raya gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, wanda tun ƙarni na 19 Sarki Tanimu ya hana sarewa. Abin da ya ba wa aikin ƙafa shi ne jami'an daji sun sassauta, mutane suka tabbata itacen da suka raya nasu ne, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara musu ƙarfi. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da dokokinsu na gida. Da masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam a tsakiyar shekarun 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako a cika su da taki. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, a nan ne nake ganin masu son taimakonmu ke yin tuntuɓe. Sukan zo da wa'azi: ku bar taki, ku bar feshi, ku koma noman kakanni. Manomi ya saurara cikin ladabi, ya karɓi kuɗin mota, ya koma ya yi feshinsa. Bai ƙi gaskiya ba ne. Ya san cewa ƙasar da ta gaji ba ta farfaɗowa a damina ɗaya, a shekarun farko aiki ke ƙaruwa kafin amfani ya biyo baya, kuma yara ba za su jira ba. Ƙasar Siri Lanka ta gwada yin abin da ƙarfin doka: a watan Afrilun 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, shinkafa ta faɗi, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar. Mai son manomi ya sauya hanya, ya ɗauke masa nauyin waɗannan shekarun na tsakiya, da bashin da ba za a zo karɓa ranar girbin farko ba, da iri, da malamin gona da zai dawo bayan an gama ɗaukar hoto.

Ba kuma sai an jefar da buhu ba. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an nuna cewa ɗan abin da yatsu uku suka ɗebo, in aka sa shi a ramin shuka, ya fi a watsa mai yawa a fili iska da ruwa su raba, musamman in akwai takin gargajiya a wurin. Waken suya da gyaɗa da wake suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa da ke jawo sinadarin da muke saye a buhun yuriya daga iska kyauta. Wasu irin waken suya har ruɗin wuta-wuta suke, su sa ƙwayarta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Masu bincike na cibiyar IITA sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa musanya shi da masara. Wake kuma yana ajiyuwa a buhu mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta inganta tare da masu binciken Maraɗi, ba tare da ɗigon guba ba. Mun dai tuna a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu saboda maganin ƙwari, wanda ya rage a gida kuwa mu muka cinye shi.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai wuyar ita ce maganar da ba a cika kawowa a taro ba: gonar wa? Manoma da yawa a ƙasarmu aro suke ko haya, shekara-shekara, musamman baƙi da mata da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Munya da Shiroro da yankin Kaffin Koro. Kowa ya san ɗan aro ba ya zuba takin gargajiya, don ranar da gona ta yi kyau ranar mai ita ke tuna yana bukatarta. Dasa itace kuwa a gonar aro kamar neman rigima ne, mai gona zai ce kana son ka ci masa gado. Haka zancen shanu. Rashin tsaro ya sa an daina bambance makiyayin da aka yi shekaru ana cin kasuwa da shi da ɓarawon daji, ga burtali an nome, ga kara da harawa sun zama kuɗi ana kwashewa a sayar. Kashin shanun da dā ke kwana a gona yanzu a daji yake bushewa, mu kuma muna layin taki a gari. Babu takardar Bankin Duniya da za ta gyara wannan. Sai dagaci da ardo da masu gonaki sun zauna, an yi aro na shekara biyar a gaban shaidu, an faɗi na wa ne itacen da ɗan aro ya raya, an sa ranar da shanu za su shiga gona da ranar da za su fita.

Gwamnatin jiharmu ta Umaru Bago ta sa noma a gaba, ta kawo taraktoci masu yawa, kuma kowa na murna da abin da zai rage wa bayan talaka duƙawa. Sai dai tarakta ba ta shiri da kututture, mai tuƙa ta zai ce a tumɓuke kafin ya shiga. Ana iya sasantawa: a bar itatuwa a layi da kan iyakoki, da tazarar da garmar inji za ta wuce, in dai an faɗa tun kafin katafila ta iso. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da niyyar farfaɗo da hekta miliyan 1, kuma Neja na ciki. Fatana a auna nasararsa da itacen da ke tsaye bayan damina uku, a bar ƙidayar tsiron da aka raba a leda ranar biki. Kututturen kalgo da taura da maje suna nan a gonakin Paiko da Kwakuti suna toho kowace bazara, mu kuma muna bin su da adda.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida, kuma Neja ce kan gaba a kaɗanya a ƙasar nan. Masana'anta na iya tashi a shekara biyu. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, alhali wa'adin gwamna shekara 4 ne, na shirin Bankin Duniya 6. Waɗanda za su kasance a nan ranar da tsiron bana zai zubar da ƙwallonsa na farko su ne matan da ke fita tsinta da asuba da 'ya'yansu, kuma har yanzu ba kasafai ake kiransu zaman da ake yanke shawarar sassabe ba.